Cinikin Biri a Sama: Cacar da Ƙungiyoyin Hokin Ƙanƙara Ke Yi da 'Yan Shekara 18

Ranar 26 ga Yuni 1993, a birnin Quebec na Kanada, ƙungiyar Ottawa Senators ta kira sunan Alexandre Daigle a matsayin na farko cikin matasan da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, za su raba a shekarar. Yaron yana da shekara 18. Ya hau dandamali, aka sa masa riga, sannan ya saki maganar da har yau ba a daina yi masa gori da ita ba. Ya ce ya ji daɗi da aka ɗauke shi na ɗaya, domin babu mai tuna na biyu.

Na biyun kuwa Chris Pronger ne, wani dogon mai tsaron baya da Hartford ta ɗauka. A 2000 Pronger ya zama gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, a 2007 ya ɗaga Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, da Anaheim, a 2015 aka shigar da sunansa zauren gwarazan wasan. Shi kuwa Daigle, wanda Ottawa ta ba kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 12.25 tun bai buga mata wasa ko ɗaya ba, bai taɓa wuce maki 51 a kaka ba. Yana ɗan shekara 25 ya jingine wasan har shekara biyu kafin ya dawo.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai buƙaci ɗan bayani a nan, domin tsarin ya sha bamban da na Turai. A Firimiya ko La Liga, mai kuɗi ne ke saye, yaro kuma yana da ta cewa a kan inda zai je. A gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada ba haka abin yake ba. Sau ɗaya a shekara, galibi ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyi 32 sukan zauna su riƙa ɗaukar matasa bi da bi, zagaye bakwai, kimanin yara 224 ke nan. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ta fi kowa damar fara zaɓa, zakara kuma ita ce ta ƙarshe. Manufar ita ce kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi, masu rauni su dawwama a ƙasa. Duk wanda ƙungiya ta kira sunansa, ita kaɗai ke da ikon ƙulla yarjejeniya da shi na wasu shekaru. An fara wannan rabo a 1963 a Montreal.

Inda gizo ke saƙa shi ne shekarun yaran. Sharaɗin shi ne yaro ya cika 18 zuwa ranar 15 ga Satumba na shekarar zaɓen. A ƙwallon zari-ruga ta Amurka sai ɗan wasa ya yi shekara uku da gama sakandare kafin a ɗauke shi, lokacin jiki ya gama ginuwa, an kuma ga kamun ludayinsa a jami'a. A ƙwallon kwando sai ya kai 19. A hoki kuwa mafi yawan abin da masu farautar 'yan wasa suka gani, sun gan shi ne yaron yana 16 da 17. Ana neman su faɗi yadda zai zama yana 25. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma da miliyoyin daloli ake yin sa.

Me mai farautar yake gani idan ya zauna a kujerar sanyi da littafinsa? Yaro yake gani a cikin yara. A Kanada akwai manyan gasannin matasa uku, ta yamma, ta Ontario, da ta Quebec da lardunan gabar teku. Yaro kan bar gidan iyayensa yana 16, a ajiye shi a hannun wasu iyalai a wani ƙaramin gari, ya riƙa doguwar tafiya a bas yana buga wasa sittin da wani abu a kaka. A nan Daigle ya tara maki 137 a wasa 53 da Victoriaville a kakar da ta gabaci zaɓensa. (Maki a wannan wasa shi ne jimillar ƙwallayen da mutum ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci.) Gudunsa a kan ƙanƙara ya fi na sa'o'insa nesa ba kusa ba. Amma gudun da ke raba ka da ɗan shekara 17 ba lallai ya raba ka da ƙaton ɗan shekara 28 mai nauyin kilo 100 ba, wanda ya san inda za ka bi tun kafin ka motsa, kuma doka ta ba shi damar ya maka ka da bango.

Har watan haihuwa yana ruɗar ido. A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, Roger Barnsley, ya lura cewa a manyan gasannin matasa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan wasa an haife su ne tsakanin Janairu da Maris, yayin da na Oktoba zuwa Disamba ba su wuce kusan kashi 10 ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Ana kasa yara rukuni-rukuni ne daga 1 ga Janairu, don haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali suna aji ɗaya. A shekara tara ko goma wannan tazara babba ce. Sai koci ya ɗauki mai jiki ya sa a ƙungiyar zaɓaɓɓu, ya sami horo mai kyau da wasanni da yawa, ƙaramin kuma a bar shi a baya. Kafin su kai 17, abin da ya fara a matsayin bambancin watanni ya koma kamar bambancin baiwa.

Ita ma ranar 15 ga Satumba tana da nata barkwancin. Alexander Ovechkin, wanda a Afrilun 2025 ya zarce Wayne Gretzky ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a tarihin NHL, an haife shi ne 17 ga Satumba 1985. Kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 2003. Ƙungiyar Florida ta yi ƙoƙarin ɗaukarsa duk da haka, tana kafa hujja da cewa idan aka lissafa ƙarin ranakun Fabrairu na shekaru masu kwana 366, ai ya cika 18. Hukumar gasar ta ce a kai kasuwa. Washington ce ta same shi a 2004.

Sai kuma ruɗin girman jiki, wanda ya fi kowane ruɗi cin manajoji. Zaɓen 2003 ana ƙirga shi cikin mafi albarka a tarihi. New York Rangers na da lamba 12, ta ɗauki Hugh Jessiman, mai tsawon kusan mita biyu. Bai taɓa buga mata wasa ba; duk abin da ya buga a NHL wasa biyu ne, da Florida, shekara takwas bayan nan. Waɗanda aka ɗauka bayansa a wannan rana sun haɗa da Zach Parise, Ryan Getzlaf, Brent Burns da Corey Perry, a zagaye na biyu ga Patrice Bergeron da Shea Weber. A ɗaya ɓangaren akwai Martin St. Louis, mai tsawon santimita 173, wanda duk ƙungiyoyin suka tsallake, ba wadda ta kira sunansa ko a zagayen ƙarshe. A 2004 shi ne gwarzon gasar, kuma ya ɗauki kofi da Tampa Bay. Na fahimci abin da ke jan manaja zuwa ga ƙato: idan ƙaton ya gaza, za a ce yaron ne bai yi ƙoƙari ba, idan gajere ya gaza, za a ce wa ya aike ka. Tsoron zargi ne, ba sanin wasa ba.

Gwajin ƙarfin jiki da ake yi wa yaran kafin zaɓe ma bai cika faɗin gaskiya ba. A 2014 Sam Bennett ya kama sandar ƙarfe ya kasa ɗaga jikinsa ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa dariya a kafafen labarai. Calgary ta ɗauke shi na huɗu. A 2025 shi aka ba kyautar gwarzon wasannin neman kofi lokacin da Florida ta kare kambunta. Sai dai lura, ba a Calgary ya yi wannan tashen ba. Za mu dawo kan wannan.

Wata wahalar ita ce yaran ba a ma'auni ɗaya suke ba. Wannan yana buga wasa da sa'o'insa a Ontario, wancan yana jami'a a Amurka, wani yana Suwidin ko Finland yana samun minti bakwai a wasa a tsakiyar magidanta, wani kuma yana can cikin Rasha inda da wuya wani ya je ya gan shi. Ta yaya za a auna maki 100 na farkon da maki 10 na ɗan Suwidin? A 1999 Atlanta ta ɗauki ɗan Jamhuriyar Cek, Patrik Stefan, na farko, duk da cewa ya riga ya sha buguwar kai a ƙaramar gasar da yake bugawa. Ya gama da ƙwallo 64 a wasa 455. Abin da aka fi tuna shi da shi ya faru ranar 4 ga Janairu 2007, yana Dallas. Saura daƙiƙoƙi a tashi, Dallas na gaba da ci ɗaya, Edmonton ta fitar da golanta don ƙara ɗan gaba. Stefan ya ƙwace faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya nufi raga, ba kowa a gabansa, ba kowa a cikinta. Maimakon ya buga daga nesa sai ya matso don ya tura a hankali. Faifan ya yi tsalle ya haye sandarsa, shi kuma ya zame ya faɗi. Edmonton ta kwashe ta juya, Ales Hemsky ya farke saura daƙiƙa biyu. Dallas ta ci wasan a bugun raba-gardama, amma ba wanda ke tuna wannan.

A wannan zaɓe na 1999, can a lamba 210, Detroit ta ɗauki wani siririn ɗan Suwidin mai suna Henrik Zetterberg. Shekara guda kafin nan, a lamba 171, ta ɗauki Pavel Datsyuk, wanda aka riga aka tsallake a zaɓe biyu, kuma wakilinta a Turai Håkan Andersson ya gan shi ne a lokacin da ya je kallon wani ɗan wasan dabam. Su biyun suka zama ginshiƙin ƙungiyar da ta ci kofi a 2008. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin shaidar basirar Detroit, kuma Andersson ya cancanci yabo. Amma a tambaya mana: da sun san abin da Datsyuk zai zama, za su bari a kira suna 170 kafin nasa? Su ma sun tsallake shi sau da yawa a ranar. Gwaninta ta sa sunan ya shiga takardarsu, sa'a ta yi sauran.

Masu tsaron raga su ne suka fi wuyar hasashe, domin galibinsu ba sa nuna kansu sai sun kai 24 ko 25. Birnin New York ya ga misalin da ba a mantawa a 2000. Manajan Islanders, Mike Milbury, yana da matashin gola Roberto Luongo a hannu, sai ya sayar da shi ga Florida don ya ɗauki wani golan, Rick DiPietro, na farko. A wannan zaɓen, a lamba 205, maƙwabtansu Rangers suka ɗauki Henrik Lundqvist. Luongo da Lundqvist duk sun shiga zauren gwaraza, kowanne da nasara sama da 450. DiPietro ba ragon gola ba ne, amma ƙugu da gwiwa da buguwar kai suka cinye shi. Islanders ta ƙara wa kanta da ba shi kwantiragin shekara 15 na dala miliyan 67.5 a 2006. A 2013 ta sallame shi, da sharaɗin za ta riƙa biyansa dala miliyan 1.5 duk shekara har 2029.

Lafiya kuwa ba mai iya lamunce ta. Nolan Patrick, da Philadelphia ta ɗauka na biyu a 2017, ciwon ɓarin kai ya hana shi buga kakar 2019 zuwa 2020 gaba ɗaya, bai kuma sake komawa daidai ba. Cale Makar, da aka ɗauka na huɗu a wannan zaɓen, yana cikin fitattun masu tsaron baya na wannan zamani. Wani lokacin abin ya wuce batun wasa. Alexei Cherepanov, wanda Rangers ta ɗauka na 17 a 2007, ya yanke jiki ya faɗi a bencin ƙungiyarsa Avangard Omsk ana cikin wasa ranar 13 ga Oktoba 2008, kusa da abokin wasansa Jaromir Jagr. Zuciyarsa ce ta tsaya. Motar asibitin da ya kamata ta kasance a filin ta riga ta tafi. Ya rasu yana da shekara 19.

Akwai kuma wanda za ka zaɓa ya ce ba ya zuwa. Eric Lindros ya faɗa wa Quebec Nordiques tun kafin zaɓen 1991 cewa ba zai buga mata ba. Ta ɗauke shi duk da haka, ya ƙi sa rigar, ya yi shekara guda yana jira. A ƙarshe Philadelphia ta ba da 'yan wasa shida, cikinsu har da Peter Forsberg, da zaɓin zagayen farko biyu, da dala miliyan 15. Wannan karon taurin kan yaron alheri ya zama wa ƙungiyar, domin da waɗannan mutane ta ci kofi a 1996 bayan ta koma Colorado. Calgary ba ta yi irin wannan sa'a da Adam Fox ba: ta ɗauke shi a 2016, ya ƙi sa hannu, ya ci gaba da karatunsa a Harvard, daga baya ya zama gwarzon mai tsaron baya na 2021 a rigar Rangers. 'Yan Rasha kuma nasu ya haɗa da kwantiragin gida da siyasa. Minnesota ta jira Kirill Kaprizov shekara biyar. Golan nan Ivan Fedotov ya sa wa Philadelphia hannu a 2022, kafin ya tashi aka kama shi a St. Petersburg bisa zargin guje wa aikin soja, aka tura shi sansanin sojan ruwa a arewacin ƙasar. Sai 2024 ya iso Amurka.

Duk waɗannan haɗura ne da ake yawan lissafawa, kuma dukansu suna ɗora matsalar a kan yaron: jikinsa, lafiyarsa, ra'ayinsa, ƙasarsa. Wanda ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ya fi su nauyi, shi ne gidan da yaron ke faɗawa. Tsarin da kansa an gina shi ne don ya kai yaron da ya fi kowa baiwa ƙungiyar da ta fi kowace lalacewa. Ƙungiya ba ta zama ta ƙarshe haka kawai. Galibi shugabancinta a rikice yake, kocinta na jiran takardar sallama, manyan 'yan wasan da za su riƙe hannun yaro sun watse, magoya baya sun ƙosa, masu ita kuma suna son sabuwar fuska da za a manna a allunan talla don a sayar da tikiti. A cikin wannan ake jefa ɗan shekara 18 a ce masa ya ceci gari.

Nail Yakupov ya isa misali. Batatare ne Musulmi daga Nizhnekamsk a Rasha, ya zo Kanada ya yi tashe a ƙungiyar matasa ta Sarnia, Edmonton ta ɗauke shi na farko a 2012. Karo na uku ke nan a jere da Edmonton ke zaɓen farko, bayan Taylor Hall a 2010 da Ryan Nugent-Hopkins a 2011, wanda shi kaɗai ya isa ya nuna halin da gidan ke ciki. A kakarsa ta farko, ƙarƙashin koci Ralph Krueger, Yakupov ya ci ƙwallo 17 a wasa 48, ya fi duk sababbin shiga na shekarar. Kaka na ƙarewa aka kori Krueger. Dallas Eakins ya zo da nasa tsarin, yaron ya fara zaman benci, wani lokacin ma ba a sa shi cikin jerin masu wasa. Aka kori Eakins a Disamba 2014, Todd Nelson ya riƙe, yaron ya ɗan farfaɗo, sai aka kawo Todd McLellan. Kaka huɗu, koci huɗu, kowanne da abin da yake so ya mayar da shi. A 2016 aka sayar da shi ga St. Louis da araha, a 2018 ya koma gida da ƙwallo 62 a wasa 350. A 2021 ya ci kofin gasar Rasha da Avangard.

Ba ina wanke Yakupov tas ba ne. Masu sukarsa sun ce bai iya karanta wasa ba idan faifan ba ya sandarsa, kuma St. Louis da Colorado sun gwada shi ba su ga abin riƙewa ba. Mai yiwuwa ko ina ya je da bai zama tauraro ba. Amma ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, domin shekarun da ake gyara irin wannan naƙasu, daga 18 zuwa 22, an ɓarnatar da su a gidan da bai san inda ya dosa ba. Detroit kuwa ta bar Datsyuk a Rasha shekara uku, Zetterberg ma shekara uku a Suwidin, suka zo sun nuna, suka tarar da gogaggun taurari Steve Yzerman da Nicklas Lidström a ɗakin sauya kaya. Ba wanda ya ce su ceci kowa. Shi ma Bennett da aka ambata ɗazu, ya yi shekara shida a Calgary ana juya shi daga wannan gurbi zuwa wancan, sai da ya koma Florida a 2021 aka ga ɗan wasan da aka yi tsammani.

Dokoki biyu ne ke ƙara tura ƙungiyoyi yin gaggawa. Ta farko ita ce iyakar albashi da aka kafa a 2005: akwai adadin da ƙungiya ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya. Shi kuma sabon shiga, tun bayan abin da ya faru da kwantiragin Daigle, an ƙayyade abin da za a ba shi; har zuwa zaɓen 2025, ainihin albashinsa na shekara uku na farko bai kai dala miliyan 1 a shekara ba, ban da ladan ƙwazo. Don haka matashin da zai iya cike gurbi da araha zinariya ne ga manaja, ko ya nuna ko bai nuna ba. Ta biyu ita ce daɗaɗɗiyar yarjejeniya da gasannin matasan Kanada, wadda ta daɗe tana hana a tura yaron da aka ɗauko daga can zuwa gasar manya ta biyu, AHL, kafin ya kai 20. Ko dai ya zauna a NHL, ko a mayar da shi cikin yaran da ya riga ya fi ƙarfinsu. Tsani ne da aka cire masa matakin tsakiya. Ana ba ƙungiya wasa tara ta gwada shi. Ya buga na goma, shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa. Da wasa tara ake yanke hukuncin da zai iya shafar rayuwar mutum.

Kwaɗayin zaɓen farko yana lalata ƙungiya tun kafin yaron ya iso. An zargi Ottawa da sakin wasanni da gangan don ta sami Daigle, abin da ya sa aka kawo ƙuri'a daga 1995, yadda zama na ƙarshe ba zai tabbatar da lamba ɗaya ba. Bai hana ba. A kakar 2014 zuwa 2015 Buffalo ta rabu da duk wanda zai iya taimaka mata cin wasa, idonta na kan Connor McDavid, matashin da ake sa ran za a ɗauka na farko. A watan Maris, Arizona ta zo ta ci ta a gidanta, magoya bayan Buffalo suka tashi suna tafi, 'yan wasansu na ji. Ta ƙare a ƙarshe kamar yadda ta so, da damar kashi 20 cikin 100, sai ƙuri'a ta faɗa kan Edmonton mai kashi 11.5. Buffalo ta ɗauki Jack Eichel na biyu, ƙwararren ɗan wasa ne kuwa. Aka yi shekara shida ba a je ko'ina ba, aka ɓata da shi a kan irin tiyatar da za a yi masa a wuya, aka sayar da shi ga Vegas a 2021, ya ɗaga kofi a 2023. Buffalo kuwa ta yi kaka 14 a jere, daga 2012 zuwa 2025, ba ta shiga wasannin neman kofi ba. An koya wa gida shan kashi, ya kuma riƙe karatun.

Saura batun hali, wanda masu farauta ke cewa suna aunawa ta hanyar hira da yaro da tambayar kocinsa. A nan labarin ya taɓo Najeriya. Akim Aliu an haife shi a Okene a 1989, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Yukren. Ya tashi a Kyiv, iyalin suka koma Toronto. A 2005, yana 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor, ya ƙi yarda da wulaƙancin da ake yi wa sababbi, na cusa su tsirara a cikin ban-ɗakin bas. Bayan nan, a wajen atisaye, wani babban ɗan wasan ƙungiyar, Steve Downie, ya buge shi da sanda a baki ya zubar masa da haƙora. An hukunta kocin da ƙungiyar, amma a cewar Aliu shi aka liƙa wa sunan mai taurin kai, sunan kuma ya bi shi. Chicago ta ɗauke shi a lamba 56 a 2007. A 2019 ya bayyana cewa kocinsa a ƙaramar ƙungiyar Chicago, Bill Peters, ya yi masa zagin wariyar launin fata shekara goma da suka wuce; cikin 'yan kwanaki Peters ya ajiye aikinsa na kocin Calgary. Wasa bakwai kacal Aliu ya buga a NHL.

A gefe guda, a 2020 Arizona ta ɗauki Mitchell Miller tana sane da cewa kotun yara a Ohio ta same shi da laifin cin zarafin wani ɗan ajinsu baƙar fata mai lalurar ƙwaƙwalwa. Sai da jarida ta fallasa, jama'a suka yi ca, sannan ta janye. Wato ma'aunin halin da ya ga aibi a yaron da ya ƙi a wulaƙanta shi, bai ga abin tsayawa ba a kan wanda ya wulaƙanta wani. Rahoton hali yakan nuna ra'ayin wanda aka tambaya ne fiye da halin wanda ake tambaya a kansa.

Ƙungiyoyin da suka fi natsuwa sun rage yarda da idonsu. Suna tara zaɓi da yawa maimakon su zuba komai a kan ɗaya, suna haɗa rahoton masu farauta da lissafin kwamfuta da ke daidaita maki gwargwadon shekaru da ƙarfin gasa, suna kuma kashe kuɗi a kan masu horar da yaran bayan an ɗauke su. Wasu kan sayar da yaron tun yana da farashi. Dallas ta ɗauki Jarome Iginla, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, na 11 a 1995, ta miƙa shi ga Calgary a Disamban wannan shekarar don ta karɓi gogaggen ɗan wasa Joe Nieuwendyk. Nieuwendyk ya taimaka mata ta ci kofi a 1999, Iginla kuma ya ci ƙwallo 625 a rayuwarsa ta wasa. Har yau kowane ɓangare na iya cewa shi ya ci riba.

An sha kawo shawarar a ɗaga shekarun zaɓe zuwa 19, a bar 'yan ƙalilan na sahun gaba kawai su shiga da 18. Shekara ɗaya a wannan tsakani tana bayyana abubuwa da yawa, kuma a mafi yawan shekarun 1970 sai ɗan wasa ya kai 20 ake ɗaukarsa. Abin da ya sauko da shekarun tun farko shi ne gasar hamayya ta WHA da ta riƙa kwashe matasa, da ƙarar da wani ɗan shekara 19, Ken Linseman, ya kai kotu a 1977 yana neman a bar shi ya yi sana'arsa. Wannan hujja ba ta tsufa ba: ɗan 18 baligi ne a idon doka, kuma ba za a canja dokar ba sai da amincewar ƙungiyar 'yan wasa. Gyaran da aka iya yi a 2021 a kan ƙuri'a ya tsaya: ƙungiya ba za ta haura sama da mataki goma ba, kuma ba za ta ci ƙuri'ar fiye da sau biyu a shekara biyar ba. Ranar 15 ga Satumba da shekara 18 suna nan yadda suke.